Igiyar Hokusai a bangon ɗaki: tsohon bugu, sabon bugun katako, bugun inji ko fosta?

Zanen babbar igiyar ruwa ta Kanagawa yana cikin hotunan da aka fi sani a duniya, har Japan ta sa shi a bayan sabuwar takardar kuɗinta ta yen 1,000 a 2024. Katsushika Hokusai ne ya zana shi, aka fara buga shi a Edo, wato Tokyo ta yau, wajen 1831, cikin jerin zane-zanensa na Dutsen Fuji. Wanda yake son rataye shi a falo ko ofis zai tarar da farashi mai rikitarwa: wani kwafin bai fi kuɗin abincin rana ba, wani kuwa an sayar da shi dala miliyan 2.76 a gwanjon Christie's na New York a watan Maris na 2023. Hanyoyi huɗu ne a gaban mai saye. Abin da za a faɗa a kansu ya shafi sauran zanen ruwa na wancan zamani, kamar jerin magangarun ruwa takwas da Hokusai ya fitar wajen 1833, da ruwan mashigin Naruto mai murɗawa wanda Utagawa Hiroshige ya zana a 1855, da zanensa na ruwan sama a kan gadar Ohashi na 1857.

Ma'aunan da za a bi

Kafin maganar kuɗi, sai an san yadda aka yi waɗannan hotuna, don a nan bambancin yake. Ba fenti aka shafa da buroshi a kan yadi ba. Mai zane yakan zana da tawada a siririyar takarda, masassaƙi ya manna ta a kife a kan allon katakon ceri, ya sassaƙe duk wurin da babu layi. Zanen hannun yakan lalace a wannan aiki, saboda haka babu wani kwafi guda ɗaya da za a ce shi kaɗai ne na asali. Kowane launi da nasa allon. Mai bugu ya shafa launin da aka dama da ruwa da ɗan kunun shinkafa, ya ɗora takarda daidai kan wasu ƙananan tsagi biyu da ke gefen allon don kada launi ya goce, sannan ya murza bayanta da wani faifai da aka naɗe da ɓawon gora, wanda suke kira baren. Takardar kuwa ta hannu ce, daga ɓawon itacen kozo, mai dogon zare.

Wannan aiki ne ya ba ruwan rai, kuma abubuwa uku ne ke nuna hakan. Farin kumfar da ke kan igiyar ba farin fenti ba ne, takardar ce aka bari fayau. Shuɗin kuwa ya shige cikin zaren takardar, bai zauna a samanta ba. Binciken da gidan tarihi na Metropolitan da ke New York ya yi ya nuna an haɗa baba, irin wanda marina suka sani, da sabon shuɗin Berlin da aka shigo da shi daga waje, aka kuma buga wasu wuraren sau biyu, har takardar ta ɗan lotsa a inda shuɗi ya yi duhu, farin ya ɗan taso. Na uku shi ne launi mai narkewa daga duhu zuwa haske, wanda suke kira bokashi: mai bugu ya jiƙa allon da tsumma, ya sa launi a gefe guda, ya ja shi da buroshi. Da shi aka yi duhun da ke bayan Fuji, da shi aka yi zurfin ruwan Naruto.

Ma'auni na farko ke nan: yaya kowace hanya ta fito da waɗannan ukun? Sai farashi, har da kuɗin aikowa da na firam, wanda mutane kan manta. Sai daɗewa, musamman a ƙasar da hasken rana ke da ƙarfi, hunturu ya busar da komai, damina ta kawo laima. Sai sauƙin samu. Na ƙarshe shi ne haɗari: jabu, lalacewa a hanya, ko biyan kuɗin abu mai daraja a karɓi maras daraja.

Tsohon bugu na zamanin Edo

Wannan shi ne wanda aka buga daga allunan farko, a ƙarni na 19. A lokacinsa abin talaka ne, kuɗinsa bai wuce na kwano biyu na taliya da ɗan ƙari ba. Ana ƙiyasta an buga igiyar Kanagawa kusan sau 8,000, amma waɗanda masu binciken gidan tarihi na Birtaniya suka gano sun rage ba su wuce ɗari da 'yan kai ba. Shi ya sa farashinsa ya fi ƙarfin kusan kowa. Magangarun ruwan Hokusai ma dubban daloli ne masu yawa idan suna da kyau. Inda mai matsakaicin ƙarfi zai iya shiga shi ne zanen Hiroshige da ba su yi suna sosai ba, bugun baya-baya, waɗanda ake samu daga 'yan ɗaruruwan daloli zuwa 'yan dubbai.

Ta fuskar kyau, kada a ɗauka tsufa yana nufin fifiko. Allon katako yana cinyewa da yawan murza. Bugun farko layukansa siriri ne, masu kaifi. Bugun baya layukan sun yi kauri, sun tsittsinke, kuma sau da yawa an rage bokashi don a yi sauri. Masana suna duba layin da ya kewaye akwatin rubutun da ke sama ta hagu a zanen igiyar: yawan tsinkewarsa yana nuna jinkirin bugun. Sannan launi. Shuɗin Berlin yana jure haske, amma ja da rawaya na tsirrai ba sa jurewa. Sararin samaniyar zanen igiyar yana da ɗan ja-ja da rawaya a kwafin da aka adana da kyau, a mafi yawan sauran kuwa ya koɗe ya koma launin ƙasa-ƙasa.

Maganar daɗewa ita ce babbar matsala. Gidajen tarihi ba sa barin irin waɗannan a bango. Sukan nuna su wata uku ko makamancin haka a haske mai rauni, kimanin lux 50 a ma'aunin ƙarfin haske, sannan su mayar da su akwati cikin duhu na tsawon shekaru, a ɗakin da laimar iska ke zaune wajen kashi 50 cikin ɗari. Ɗaki a Kano ko Maradi yana tashi daga bushewar hunturu zuwa laimar Agusta. Takarda ta miƙe ta takure, ta yi kumburi, ɗige-ɗige masu launin tsatsa su fito, ga gara da kyankyasai suna son sitacin da ke jikinta. Wanda ba shi da wurin ajiya mai tsayayyen yanayi, sayen takarda mai shekara kusan ɗari biyu cutar da ita ne.

Haɗarin jabu kuma ya fi yawa a nan. Tun ƙarshen ƙarni na 19 ake sake sassaƙa alluna ana buga waɗannan hotuna da hannu, kuma irin waɗannan kwafin yanzu su ma sun tsufa, takardarsu ta yi ja. Abu ne mai sauƙi a tallata su a intanet da sunan bugun Edo. Hanyar tantancewa ita ce a kwatanta layi da layi da kwafin gidan tarihi, domin masassaƙi na biyu ba ya taɓa maimaita kowane yatsan kumfa daidai. Wannan aikin ƙwararre ne. Idan za a saya, a saya daga babban gidan gwanjo ko dillalin da zai ba da rubutaccen bayani kan yanayin takardar, da hoton bayanta, da sharaɗin mayarwa. A tambaya ko an datse gefuna, ko an manna wata takarda a baya, ko an cike ramin ƙwari, ko an ƙara launi da hannu. Kowanne yana rage daraja.

Sabon bugun katako na hannu

A Japan har yau akwai masassaƙa da masu bugu da ke aiki da hanyar da. Mafi shahara ita ce cibiyar Adachi a Tokyo, wadda ta faro a 1928. Sukan sassaƙa sababbin alluna suna bin kwafin farko mafi kyau, su buga da baren a kan takardar hannu ta yankin Echizen. Ba sa ɓoye cewa sabo ne.

A ma'aunin farko, wannan hanya ce ta fi kusa da abin da mutumin Edo ya riƙe a hannunsa ranar da ya saya. Farin takardar yana nan da haskensa, shuɗin ya shiga zare, layuka da kaifinsu, sararin sama bai koɗe ba. Idan aka juya bayan takardar za a ga launi ya ɗan ratso, da sawun murzar baren kamar zagaye-zagaye. Idan aka haska fitila daga gefe, a kwance, za a ga inda takardar ta lotsa. A zanen magangarar Kirifuri, ɗaya daga cikin takwas ɗin Hokusai, inda ruwan ya rarrabu yana saukowa kan duwatsu kamar saiwar itace, wannan lotsawar ce ke sa kowane reshen ruwa ya fita daban. Babu injin da ke yin haka. A ganina, duk wanda ruwan ne ya ja hankalinsa, ba sunan mai zanen ba, nan ya kamata ya fara dubawa.

Farashi yakan fara daga wajen dala ɗari zuwa 'yan ɗaruruwa, ba tare da firam ba. A ƙara kuɗin aikowa daga Japan, da abin da kwastan za su iya nema, da tsadar canji. Girmansa na gargajiya ne, kimanin santimita 25 da 37, bai kai takardar A3 ba. Mutane da yawa suna mamakin ƙanƙantarsa, don sun saba ganin hoton a manyan alluna. Ba a cika samun sa a wani girman da ya fi wannan sosai ba, domin girman allon ne girman hoton.

Yana daɗewa idan aka kula da shi, amma launin ruwa ne: ɗigon ruwa ɗaya ko jiƙaƙƙen yatsa zai bar tabo. A nemi a aiko shi a shimfiɗe tsakanin kwali biyu masu tauri, cikin leda, kada a naɗe shi a bututu. A nemi ba tare da gilashi ba, don gilashin da ya fashe a hanya yakan yanka takardar. Haɗarin da ke nan shi ne masu sayar da bugun inji da sunan na hannu. A nemi hoton baya kafin a biya. Bayan da yake fari tas, babu ratsowar launi, inji ne. Kuma a sani cewa ba jari ba ne: ana ci gaba da buga shi, don haka farashinsa ba ya tashi.

Bugun inji mai tawadar da ba ta koɗewa

A nan mai saye ne ke da iko a kan komai. Tun 2017 gidan tarihi na Metropolitan ya saki hotunan tsofaffin kayansa kyauta, kowa ya sauke ya yi abin da ya ga dama da su, kuma gidan zane na Chicago da Rijksmuseum na Holan suna da irin wannan tsari. Sai a sauke babban fayil daga shafinsu, a kai wa mai bugu. Kada a ɗauko daga Facebook ko WhatsApp, don suna matse hoto su rage ingancinsa.

Ga lissafin da ake bukata. Bugu mai kaifi yana son ɗigo 300 a kowane inci. Faɗin santimita 37 inci 14 da rabi ne, wato ana son fayil mai faɗin ɗigo kusan 4,400. Idan fayil ɗin bai kai ba, ɗigo 200 a inci yana wadatarwa ga hoton da za a kalla daga nesa kaɗan, wato kusan 2,900. Ƙasa da haka yatsun kumfar za su dusashe, su ne kuwa ƙashin bayan zanen. A bar hoton a girmansa na asali a tsakiyar takardar A3, zai zauna da farin gefe ko'ina. Kada a yarda mai bugu ya ja shi don ya cika takarda. Igiyar za ta yi ƙiba, Fuji ya baje.

Tambayoyi biyu ne za a yi wa mai bugu. Wace irin tawada ce, mai ƙwayar launi ko mai narkewa kamar rini? Ta farkon ce ke jure haske na gomman shekaru a bayan gilashi; ta biyun takan fara koɗewa cikin 'yan shekaru a ɗaki mai haske, ta bar hoton da wani shuɗi-shuɗi mai kore. Wace irin takarda? A nemi ta auduga, maras sheƙi, mai nauyin giram 250 zuwa 310 a kowane murabba'in mita. Takardar hoto mai ƙyalli tana mayar da zanen kamar kalanda. Mafi yawan masu buga ƙyallen talla da fosta ba su da wannan kayan, sai manyan shagunan hoto. A biya a buga ɗan yanki na gwaji tukuna, yankin da ya haɗa shuɗi mai duhu da bokashi, a duba shi a hasken rana. Matsalolin da aka fi gani su ne shuɗin ya karkata zuwa shunayya, ko layuka siriri su ratsa wurin da launi ke narkewa saboda bakin injin ya toshe.

Abin da ba zai bayar ba shi ne jiki. Hoton tsohuwar takarda ake bugawa, har da jan tsufanta da tabonta, don haka farin kumfar ya zama tawada mai launin madara a kan wata takarda, kuma komai a shafe yake. Daga taku uku ba kowa zai lura ba. Kuɗinsa gomman daloli ne ko ƙasa, kuma idan ya lalace a sake bugawa.

Fosta

Ita ce mafi araha kuma mafi sauƙin samu, ana kuma samun ta da girma. Idan aka duba da gilashin ƙara girma za a ga ɗige-ɗigen launi huɗu a jere. Takardar siririya ce, tana yin rawaya, ja da rawayan tawadar su fara tafiya. Sau da yawa an datse gefe, an ƙara wa shuɗin ƙarfi fiye da kima, wani lokaci ma an juya hoton. A na gaskiya, babbar igiyar tana hagu, rubutun ma yana sama ta hagu. Bugun leda irin na ƙyallen talla ya fi ta jure ruwa, amma yana ƙyalli kuma bokashi ba ya fita a kansa.

| Hanya | Fitowar ruwan | Farashi | Daɗewa a bango | Sauƙin samu | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Tsohon bugu | Ya danganta da yanayinsa | Ɗaruruwan daloli zuwa miliyoyi | Bai dace da rataya kullum ba | Wuya | Jabu, koɗewa, laima |
| Sabon bugun katako | Mafi kyau | Wajen dala ɗari zuwa 'yan ɗaruruwa | Mai kyau idan an tsare shi | Sai an yi oda daga waje | Lalacewa a hanya |
| Bugun inji | Kyau daga nesa, babu jiki | Gomman daloli | Mai kyau da tawadar kirki | Matsakaici | Tawada ko takarda maras kyau |
| Fosta | Rauni | 'Yan daloli | Gajere | Sauƙi | Datsewa da gurɓatar launi |

Firam, inda aka fi yin ɓarna

Uku na farko duk firam ɗin kirki suke so, kuma kuɗinsa kan iya kai na hoton. Kada takarda ta taɓa gilashi. A sa kwali maras asid mai taga a tsakaninsu, in ba haka ba laima za ta manna su. Kada a yi amfani da salatif ko gam a jikin hoton. A rataye takardar daga sama kawai da ƙananan maƙalai biyu na siririyar takarda da kunun sitacin alkama, ko a sa ta cikin kusurwoyi, don ta samu damar motsi idan yanayi ya sauya. Kada a yi mata lamineshin ko a manna ta a kan falanki, domin ba a iya gyara wannan. A rufe bayan firam ɗin da takarda mai gam saboda ƙurar hunturu da ƙwari, a sa ƙananan roba a kusurwoyin baya don iska ta ratsa tsakaninsa da bango. Gilashi mai tare hasken da ke koɗar da launi yana taimakawa, amma ba ya maye gurbin zaɓen bangon da rana ba ta dukansa. A guji bangon da ke jiƙa da damina, da kusa da kicin, da wurin da ake turaren wuta, don hayaƙi yana shiga takarda.

Akwai kuma abin da ya dace a duba a jikin hoton kansa kafin a biya. Masu kauce wa hoton mai rai a gida su san cewa zanen igiyar yana da jiragen ruwa uku cike da matuƙa a duƙe, kuma magangarun Hokusai duk akwai mutane a cikinsu. Wasu ma wuraren ibada ne: a magangarar Roben masu ziyara ne ke wankan tsarki, ta Kiyotaki kuwa tana kusa da wurin bautar Kannon na mabiya addinin Buddha. Naruto na Hiroshige na 1855 ya fi su zama ruwa zalla: murɗawar da cika da janyewar teku ke haddasawa a mashigin da ke tsakanin Shikoku da tsibirin Awaji, da duwatsu, da 'yan tsuntsaye a sama. Magangarun da Naruto a tsaye suke, igiyar a kwance, saboda haka a auna bangon tukuna.

Wa ya dace da wanne

Mai neman abu ɗaya mai kyau da zai zauna da shi shekaru, ko kyauta ga wanda ya san darajar aikin hannu, ya ɗauki sabon bugun katako, ya ware kusan rabin kuɗinsa don firam. Ɗalibin zane ko malamin da ke koyar da bugu shi ma wannan ne nasa, ko da guda ɗaya ne, kuma gara ya bar shi a jakar kwali ba firam don a riƙa juya bayansa ana gani.

Mai son cika bangon ofis, otal ko asibiti da jerin magangarun takwas, ko mai son girman da ya wuce na asali, bugun inji ne ya dace da shi, bisa sharaɗin ya ga gwaji da idonsa. Haka wanda gidansa ke da laima ko haske da yawa, don asarar ba za ta yi ciwo ba. Fosta ta ishi aji, ɗakin ɗalibi, ko wanda yake son ya zauna da hoton wata shida ya ga ko zai gaji da shi.

Tsohon bugu kuwa na wanda ya riga ya riƙe sababbi da yawa a hannu har idonsa ya saba, yana da akwatin ajiya da ɗaki mai tsayayyen yanayi, kuma ya yarda hoton zai fi zama a duhu fiye da a bango. Irin wannan mutum ya fara da Hiroshige mai sauƙin kuɗi daga dillalin da ke karɓar mayarwa, ya rataye kwafin inji a falo, ya riƙa fito da na ainihin lokaci-lokaci.